Hannun Uwani

Asabar, bayan asuba, na rufe shago da kwaɗo biyu,
na bar wa Tanimu rigar da ban ƙarasa wa aska takwas ba.
Uwani ce ta ja ni.
Shekara uku tana Samaru tana karatun duwatsu,
wai su ma suna da haihuwa, suna da tsufa.
Ni kuwa shekara hamsin da bakwai ina duban Kufena
kamar maƙwabcin da ake gaisawa ta kan katanga,
ba a taɓa shan ruwan gidansa ba.

Da Dumbi muka fara.
Gora biyu, ƙuli-ƙuli, guntun mazarƙwaila a leda,
da Iliya na Wusasa a gaba, siriri kamar sillen kara,
yana tafe yana fito.
Falalen ya ɗau zafi tun kafin hantsi.
Takalmina na zuwa ɗaurin aure ya ci amanata,
na tuɓe shi, na rataya a wuya,
tafin ƙafata ya gane bai san Zazzau ba.
A rabin hanya na zauna gindin ɓaure,
wanda ya tsaga dutse da saiwa ya zauna abinsa.
Na ce su je, ni ina nazarin itacen nan.
Wani rema ya leƙo daga kogo, ya dube ni,
bai yarda da zancen ba.

Daren a zauren Iliya muka yi shi.
Man kaɗanya a gwiwa, tuwon dawa, miyar kuka,
ya ba ni aron wani tsohon kambas mai ɓulin yatsa.
Uwani ta baje tsakuwoyinta a tabarma
tana kiran sunayensu ɗaya ɗaya,
ni ina ƙirga gaɓoɓina.

Lahadi, ƙararrawar coci na bugawa a bayanmu,
Iliya ya nuna mana hanya da haɓa, ya juya.
Saura ni da ita da Kufena.
Inda ƙafa ta gaza, gwiwa ta karɓa,
inda gwiwa ta gaza, na ja ciki ba kunya.
Yatsun da suka saba da allura da zaren tsamiya
suna laluben ƙaramar tsaga
kamar mai neman kwabo a aljihun da ya yage.

Sai ga wani rata.
Bai fi kamu biyu ba, na auna shi da idon maɗinki,
amma ƙasansa duhu ne da sanyin jemagu.
Ta tsallake kamar an ce mata lambatu ne.
Ni na tsaya. Cinyata ta kama rawar da ban sa ta ba.
Ta juyo, ta miƙo hannu,
hannun nan da na riƙe a bakin titin Ƙofar Doka
ranar da aka fara kai ta firamare,
tana kuka, majina har leɓe.
Ta ce, Baba, kar ka dubi ramin, dubi ni.
Sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa ba na faɗinsa.
Ranar na kusa faɗa.

A sama babu komai, iska ce kawai
da kashin awaki da wani kwalbatin ruwan sama da ya ƙafe.
Shirwa na shawagi ƙasa da mu, ina kallon bayanta.
Ga rimayen birni, ga layin dogo siriri kamar ɗinkin ƙeya,
ga Kubanni tana walƙiya can.
Na nemi shagona, na kasa gano shi.
Duk bashin zare da rigimar masu karɓar ɗinki
sun shige ƙarƙashin babban yatsana.

Muka raba sauran mazarƙwailar, ta narke ta manne da leda.
Ta ɗora mini wani ɗan dutse mai ƙyalli a tafi,
ta faɗi shekarunsa, na ce ta daina yi wa babanta ƙarya.

Litinin na buɗe shago ina ɗingishi.
Tanimu ya tambayi me na gano a can.
Na ce miƙo min almakashi.
Dutsen yana kan tebur, da shi nake danne yadi.